Fanka a Ruwan Tiga: Nazarin Shawarar Wata Ƙungiyar Manoman Rani

Bidiyon bai kai minti biyu ba. Ɗan Sarkin Noma da ke karatu a birnin Hull na Ingila ne ya turo wa mahaifinsa ta WhatsApp. Da farko ya nuna fiffiken injin iska guda ɗaya kwance a bakin tashar jiragen ruwa, ma'aikaci a tsaye kusa da shi kamar tururuwa a gindin karan dawa. Daga nan sai ga injinan a jere cikin teku, farare fat, suna juyawa a hankali har inda ido ya ƙare. Yaron ya ce: "Baba, duk wannan wutar iska ce ke ba su, ba fetur ba gas." Kafin la'asar bidiyon ya zagaye majalisar ƙofar masallaci, kuma wani ya riga ya faɗi maganar da ta jawo wannan rubutu: "To ai mu ma ga ruwa, ga iska."

Ƙauyen yana gefen Tiga ne, ta ɓangaren Bebeji. Ƙungiyarsu ta manoman rani ce, masu tumatir, albasa, alkama da masara ɗanya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, fetur ɗin injin ban-ruwa ya zama shi ne ke cinye ribar shekara, sai suka buɗe asusu suna tara kuɗi domin neman mafita. Bidiyon ya zo ne ana tsakiyar wannan neman, don haka bai faɗi ƙasa banza ba. A zama ɗaya suka yanke abu biyu. Za a rubuta takarda ta hannun ɗan majalisarsu a roƙi gwamnati ta kafa irin waɗannan manyan injina a cikin ruwan dam. Kafin nan kuma, a ciri wani abu daga asusu a sayo ƙarama a gwada.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke yankin, nakan kuma haɗa wa mutane sola a rijiyoyin burtsatse. Ba a neme ni ba sai bayan ƙaramar ta karye, lokacin da aka zo rubuta takardar aka ce sai an sami wanda zai zuba mata Turanci. Na ce zan rubuta, amma su bari in fara fahimtar abin da muke roƙo.

Ƙaramar fankar

A wani shago a cikin birni aka sayo ta. A jikin kwalin an rubuta wat 1,000 da manyan baƙaƙe. Wani mai walda ya yi mata falwaya ta bututun ƙarfe, aka kafa ta a kan wani tudu kusa da ruwa, aka haɗa da batir biyu. Lokacin hunturu ne, iskar arewa maso gabas na kaɗawa daga hantsi zuwa azahar, fankar na ta gudu har da ƙara. Yara suka mai da wurin dandali. Amma batir bai taɓa cika ba. Caji waya yana yi, ƙwai biyu suna ci da dare, injin jan ruwa kuwa ko tari bai yi ba.

Da na karɓi 'yar takardar da ke cikin kwalin, a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe na ga inda gizo ke saƙar: wat 1,000 ɗin sai idan iska na gudun mita 12 a daƙiƙa. Ga ƙa'idar da duk wannan sana'a ta ginu a kanta, daga ta kan tudunmu har ta tekun Ingila. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin sau takwas yake ninkawa. Idan ya ninka uku, sau 27. Haka ma in aka juya lissafin: injin da ke ba da wat 1,000 a mita 12, in iska ta sauko mita 4, abin da zai bayar bai kai wat 40 ba. Ido yana ganin farfela na gudu, batir kuwa yunwa yake ji. Ga kuma zafi da tudu: iska mai zafi a ƙasar Kano ta fi iskar sanyi ta bakin teku rashin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, kuma nauyin iskar ne ke tura fiffike.

Kafin bazara ta yi nisa ƙura ta shiga boris, ta fara kuka kamar tsohon keken ɗinki. Babu wanda ya san sai an sauke ta an sa giris. Sai hadarin farkon damina ya taso daga gabas da daddare, da safe aka tsinci fiffike ɗaya a gonar albasa. Sarkin Ruwa, wanda tun farko bai ce uffan ba, a nan ne ya yi dariya ya ce iska dai tana wahalar da mai kayan kara.

Abin da bidiyo bai nuna ba

Tambayar mutanen ba ta shirme ba ce, kuma na gaya musu haka. Ana kafa injinan iska a tafki. A Holan akwai gonar iska ta Fryslân a cikin tafkin IJsselmeer, injina 89, kimanin megawat 380, da aka kammala a 2021. Dalilin shiga ruwa shi ne a can babu bishiya, babu gini, babu dutsen da zai karya wa iska gudu. Tana zuwa a miƙe, da ƙarfi, kuma ba ta yawan ɗaukewa. Shi ya sa injin da ke teku kan samar da kashi 40 zuwa 50 na iyakar ƙarfinsa idan aka haɗa shekara, abin da na tudu ba kasafai yake kaiwa ba. Sai dai iskar ba ruwan ne ya haife ta ba. Tekun Arewa na Turai yana kan hanyar manyan iskokin yamma ne, ruwan kawai buɗe musu hanya ya yi. Tafkin da tsaunuka suka kewaye a tsakiyar ƙasa, abin da zai ƙara wa iska kaɗan ne.

Denmak ce ta fara kafa gonar iska a cikin teku, a Vindeby a 1991, da injina 11 masu kilowat 450 kowanne. Duka gonar ba ta wuce megawat 5 ba, ta yi shekara 25 tana aiki aka kwance ta a 2017. Yau injin guda ɗaya na gonar Dogger Bank, a gabashin Ingila, megawat 13 ne. Fiffikensa ɗaya mita 107, ya fi filin ƙwallo tsawo. Idan an kammala kashi ukun gonar za ta ba da megawat 3,600, mu kuwa abin da babban layin ƙasa ke rabawa Najeriya gaba ɗaya yakan yi ta kai-komo ne tsakanin 4,000 da 5,000. Da na faɗi wannan a majalisa shiru ya ɗan ratsa.

Amma farfelar da ake gani ita ce mafi sauƙin sashe. Wahalar tana ƙarƙashin ruwa.

A fara da turke. Mafi yawan injinan a kan bututun ƙarfe guda ɗaya suke zaune, mai faɗin da mota za ta shige ciki, ana buga shi da guduma mai ƙarfin gaske har ya nutse mita da dama cikin ƙasan teku. Wannan dabara tana yiwuwa ne inda zurfin ruwa bai wuce mita 50 zuwa 60 ba, kuma sa'ar Turawa ita ce Tekun Arewa ba shi da zurfi. Dogger Bank kanta tudun rairayi ce a ƙarƙashin ruwa, shi ya sa aka iya tafiya sama da kilomita 130 daga gaɓa aka kafa turke. Ruwa kuma yana zaizaye rairayin gindin turke kamar yadda yake cin gindin gada, sai an jibge duwatsu. Wajen 2010 aka gano cewa simintin da ke riƙe mahaɗar turke da hasumiya yana sakin jiki a gonaki da yawa na Turai, hasumiya na zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, dole aka bi su ana gyara aka kuma sake tsarin ginin.

Inda ruwa ya yi zurfi sai injin ya yi iyo. Gona ta farko irin wannan ita ce Hywind ta Sikotlan a 2017: injina biyar masu megawat 6, kowanne a kan doguwar tukunyar ƙarfe mai nauyi a gindi, an ɗaure da sarƙoƙi a ƙasan teku. Wutar da ta bayar ta ba kowa mamaki, sama da kashi 50 na ƙarfinta. Amma a 2024, da babban gyara ya taso, sai da aka kwance su duka aka ja su da jiragen ruwa har Norwe, aka gyara aka dawo da su. Sarkin Ruwa ya fi kowa gane wannan. Ya ce: "Malam, ai ko kwalekwale in ya fashe, a tudu ake like shi."

Sai gishiri. Duk wanda ya taɓa sayen motar da ta daɗe a Legas ya san aikinsa. Ana shafe ƙarfen da fenti hawa-hawa, ana manna masa wasu guntayen ƙarafa da tsatsa za ta ci a madadinsa, ɗakin injin da ke sama kuma a rufe yake ruf da na'urar busar da iska. Bakin fiffike yana gudun kusan kilomita 300 a awa, a wannan gudun ɗigon ruwan sama ma tsakuwa ne, yana gwaguye gaban fiffiken har wuta ta ragu. Gonakin da ba su kai shekara goma ba an sha hawa ana yi musu faci. Na ce musu abin da gishiri da ruwan sama ke yi a can, shi ƙurar hunturu ke yi a nan, kuma sun gani da idonsu a boris ɗin tasu.

Hawa gyaran ma ba kullum ba. Idan igiyar ruwa ta yi tsayi, ƙaramin jirgin ma'aikata ba ya iya manna hancinsa da turke, sai injin ya zauna a kashe ana jiran teku ta huce. Manyan kayan kuwa jirgi na musamman ke ɗaga su, mai ƙafafu da yake kafawa a ƙasan teku ya ɗaga kansa sama da ruwa. Wanda aka yi amfani da shi a Dogger Bank ƙugiyarsa na ɗaga sama da tan 3,000. Irinsu a duniya ba su da yawa, layi ake bi.

Waya, da ɗayan ruwan

Idan an tambayi kamfanonin inshora abin da ya fi cin kuɗinsu a wannan harka, kebul ɗin ƙarƙashin ruwa za su ce. A 2021 kamfanin Ørsted na Denmak ya sanar cewa rigar kariyar kebul tana gogar duwatsun gindin turke tana yagewa a gonakinsa har goma, gyaran kuma zai iya kai kuronar Denmak biliyan 3. Nisa ma matsala ce. Wutar AC, irin wadda ake kawowa gidaje, idan ta yi doguwar tafiya cikin kebul a ruwa, kebul ɗin kansa ke shanye kaso mai yawa, don haka a Dogger Bank sai da aka gina tasha a tsakiyar teku mai mai da ita DC, irin ta batir, a tudu kuma a sake mai da ita AC. Masu sola sun san wannan aiki, inbata ce, illa dai wannan ta kai girman bene.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan waya ba. Wutar Kano ta dogon layi take zuwa, daga Shiroro ta Kaduna zuwa Kumbotso, kuma a Oktoban 2024 da manyan layuka suka lalace mun kwana fiye da mako a duhu alhali tashoshin samar da wutar suna nan lafiya lau. Kenya ta ga irin wannan. Ta kafa injina 365 a yankin tafkin Turkana, megawat 310, aka gama su a 2017, amma layin sama da kilomita 400 da zai kwashe wutar bai kammala ba sai 2018. Injina na tsaye, gwamnati na biyan tara.

Akwai kuma ruwa na biyu, wanda ya fi na teku nutsar da aiki: kuɗin ruwa. Injin iska ba ya shan mai, kusan duk kuɗinsa a ranar gini ake kashewa, da bashi. Idan kuɗin ruwa ya hau, farashin wutar ya hau ke nan har shekara ashirin. A 2023 an ga haka ƙarara. Kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin gonar Norfolk Boreas a tekun Ingila yana cewa tsada ta ƙaru da kusan kashi 40. Gwamnatin Birtaniya ta buɗe gwanjon kwangila a kan farashin da bai wuce fam 44 kowace megawat-awa ba, da sakamako ya fito a Satumba ko kamfani ɗaya na iskar teku bai taya ba, sai da ta ɗaga zuwa fam 73 a zagaye na gaba. A Nuwamba Ørsted ya watsar da manyan ayyuka biyu a gaɓar New Jersey ta Amurka. Waɗannan ƙasashe ne masu bashi mai sauƙi. A nan, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024.

To ina Najeriya a ciki?

Muna da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850, amma Allah bai ajiye iskarmu a can ba. Mashigin tekun Gini yana kusa da tsakiyar duniya, inda iska ba ta da ƙarfi sosai. Da Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2019 kan ƙasashe masu tasowa da ke da dama a wannan fanni, ma'auninsa iskar da ta wuce mita 7 a daƙiƙa ne, kuma daga Afirka Maroko da Afirka ta Kudu ya ɗauka. Abin da muke da shi a kudu gwaninta ce. Ana haƙo mai a Bonga, kilomita 120 cikin teku, a zurfin da ya wuce mita 1,000, tun 2005. Akwai masu walda a ruwa, akwai masu jiragen hidima, ga tashar Lekki mai zurfi da aka buɗe a 2023. A Norwe, gonar Hywind Tampen mai injina 11 masu iyo rijiyoyin mai take ba wuta kai tsaye, ba ta ma zuwa tudu. A ganina idan har injin iska zai taɓa shiga tekun Najeriya, ta irin wannan ƙofa zai shiga, kuma sai bayan an ƙera injina masu dogon fiffike da ke wadatuwa da iska mai sanyin gudu, abin da kamfanonin Sin suka duƙufa a kai. Ko ya shiga, tsakaninsa da gonar albasar Sarkin Noma akwai waya ta kusan kilomita dubu.

Iskar ƙasar nan a Arewa take, Sakkwato, Katsina, Kano, Filato, kuma a tudu. An gwada. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an tsara megawat 10, injina 37 masu kilowat 275 na kamfanin Vergnet na Faransa, masu fiffike biyu, waɗanda ake iya kwantar da su ƙasa idan za a yi gyara ko guguwa ta taso. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna aka faro maganar a 2005. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Bafaranshe da ke aikin, komai ya tsaya, aikin ya haura shekara goma ba a kammala ba. Babu teku a Rimi, babu gishiri, babu igiyar ruwa. Mota na zuwa har gindin kowane injin.

Zaman ƙarshe

A zauren mai unguwa aka yi shi bayan isha'i. Na bayyana abin da na tattara, ban ɓoye ra'ayina ba: takardar a yadda suka tsara ta, ko ta isa teburin da ake so, dariya za a yi mata. Ruwan Tiga ja da baya yake yi duk rani, tun da aka gama dam ɗin a 1974 zamanin Audu Bako aikinsa ke nan, a tara da damina a saki da rani. Turken da ke cikin ruwa a Satumba yana iya zama a tsakiyar taɓo a Mayu. Babu hanyar da tirela za ta bi da fiffike ko da mai mita 50 ta kawo shi bakin ruwan nan, balle jirgin da zai ɗaga shi.

Sarkin Noma bai ji daɗi ba, ɗansa ne ya turo bidiyon. Ya ce: "Malam, wato kana nufin mu hangen Dala kawai muka yi?"

Na ce: "Ranka ya daɗe, Dalar ma ba mu tabbatar tana inda muke hange ba. Turawan nan kafin su kafa injin ɗaya sai sun yi shekara guda cur, wani lokaci biyu, suna auna iska a tsayin da farfelar za ta zauna. Mu ba mu auna ko na yini ɗaya ba muka ciri kuɗin asusu."

A nan Sarkin Ruwa ya karɓe, kuma abin da ya faɗa ya fi nawa amfani. Ya lissafa iskar tafkin kamar mai karanta allo: ta hunturu daga hantsi take tashi ta kwanta kafin magariba, ta damina daga kudu maso yamma take zuwa da laushi, ta gaban hadari daga gabas take faɗowa ba sallama kuma ba ta wuce rabin awa, da kaka kuwa akwai makonnin da ruwan ke kwanciya kamar faranti. Ya ce akwai wani zirin tudu tsakanin duwatsu biyu da masunta ke gudunsa saboda iskarsa ba ta hutawa. Babu wanda ya tambaye shi ranar da za a kafa falwaya.

Wani matashi ya tambaya ko ba za a iya shimfiɗa farantan sola a kan ruwan ba, tunda ya ga ana yi. Ana yi, har a dam ɗin Bui na Ghana, kuma a Tiga ya fi fanka ma'ana nesa ba kusa ba, tunda akwai tashar wutar ruwa a wurin da layin da za a jona. Muka sa shi a takardar.

Abin da ya rage a asusu aka sayi injin ban-ruwa mai sola guda biyu, ana karɓa-karɓa. Da hazo ya yi kauri ƙarfinsu na raguwa, kuma sai an goge farantan kowace safiya, wanda har yanzu ake rigima a kan wa ke da alhakin yi. Takardar ta tafi, amma roƙon ya canja: a kafa hasumiyar auna iska a yankin, a kuma duba maganar sola a kan ruwa. Har yau ba amsa.

Tsohuwar falwayar muka tumɓuke muka kai zirin tudun da Sarkin Ruwa ya nuna. Na ɗaura mata ƙaramar na'urar auna iska mai kofuna uku da na saya da kuɗina. Tsayinta bai kai abin da injiniyoyi za su karɓa ba, na sani. Ɗalibaina biyu 'yan ƙauyen ke zuwa sau uku a rana, bayan asuba, da azahar, da kuma kafin magariba, suna rubutawa a littafi mai layi-layi. Jikan Sarkin Ruwa ke kai su a kwalekwale idan ruwa ya rufe hanya, kuma kakan ya sa an ƙara wani gida a gefen shafin, inda yake sa a rubuta nasa hasashen tun kafin a duba na'urar.